Ciwon hanta: kada mu jira sai ranar suna

Da wuya a je wani gari a ƙasar nan a rasa gidan da ya taɓa binne magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ciki ya kumbure masa, idanu suka koma ruwan ɗorawa, ƙafafu suka tasa, cikin 'yan watanni ya ce ga garinku nan. In an zauna zaman makoki sai ka ji wani ya ce shawara ce ta yi masa yawa, wani ya ce abokan kasuwa ne suka yi masa sammu, wata tsohuwa kuma ta ɗora laifin a kan kishiyar uwa. Abin da ba a cika faɗi ba, domin ba a san shi ba, shi ne da yawa daga cikin irin waɗannan mamata sun ɗauki cutar da ta kashe su ne tun suna cikin zanen goyo, wasu ma tun ranar da aka yanke musu cibiya. Sunan cutar ciwon hanta nau'in B, kuma tana da allurar rigakafi wadda aka fi shekara 40 ana amfani da ita a duniya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne yadda ake lissafin nasara a wannan fanni. Duk lokacin da hukumomi suka tashi bayar da rahoton lamba, adadin da suke kawowa shi ne na yaran da suka samu allurar Penta sau uku, wato wadda ake yi wa jariri yana da sati 6, da sati 10, da sati 14. Allura ce mai albarka, domin ta haɗa rigakafin cututtuka biyar a sirinji guda: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da wata ƙwayar cuta mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu, sai kuma ciwon hanta. Ta shigo tsarin lambar yara na Nijar a shekarar 2008, kuma babu mai hankalin da zai raina aikin da ta yi. Sai dai fa akwai wata allurar da wannan lissafi ba ya nunawa, wadda ake yi wa jariri cikin awa 24 na farko bayan haihuwa, kuma a ganinmu a nan gizo ke saƙar.

Sai mai karatu ya san halin cutar kafin ya gane dalili. Idan ƙwayar ta shiga jikin babban mutum, galibi jikin kan yi faɗa da ita ya kore ta, ƙasa da kashi 5 bisa ɗari ne take zaunawa a jikinsu. Ga jariri kuwa lamarin akasin haka yake. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce cikin jarirai goma da suka kamu, tara ko fiye za su zauna da ƙwayar muddin rai. Yaron zai tashi lafiya lau, ya yi makaranta, ya yi noma, ya yi aure, ita kuwa tana can tana cin hanta a ɓoye kamar gara a cikin azara. Sai bayan shekara 20, ko 30, ko 40 hantar ta ƙanƙance ta daina aiki, ko kuma sankara ta fito mata. A lokacin da ya je likita da kumburarren ciki, sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To ta ina jaririn yake ɗauka? Hanya ta farko daga uwa ce, lokacin naƙuda, sa'ad da jininta da ruwan jikinta suka taɓa shi. Uwar ba ta san tana ɗauke da komai ba, don ba ta taɓa kwanciya ciwo ba, ba a kuma taɓa auna jininta ba. Idan aka yi wa jaririn allura a ranar, jikinsa kan riga ƙwayar shiri, ya tare ta kafin ta kafa sansani a hanta. Idan kuwa aka jira sati 6 na Penta, ta riga ta zauna daram, allura uku ɗin nan da za a rubuta a katinsa ba za su fitar da ita ba. Yaron zai shiga lissafin waɗanda suka kammala lamba, a tafa wa ma'aikata, alhali yana ɗauke da cutar.

Hanya ta biyu ita ce tsakanin yara da mutanen gida a shekarun farko, ta ƙuraje masu ruwa, da rauni, da reza, da duk wani abu mai kaifi da ya taɓa jinin wani. Ƙwayar nan ta fi ta sida saurin kamu nesa ba kusa ba, kuma tana iya kwana bakwai da ranta a kan ƙarfe ko tsumma bayan jinin ya bushe. Mu dubi satin farko na ɗan Bahaushe mu gani. Ungozoma ta yanke cibiya da abin da ya sawwaƙa, wanzami ya zo ya cire beli, ranar suna ya dawo ya yi aski, a wasu gidajen har da tsaga. Askar da ta yi aiki a gidan maƙwabta da hantsi ita ce za ta yi a nan da azahar. Ba muna zargin wanzamai da mugunta ba ne, sana'ar iyaye da kakanni suke yi, kuma da yawansu sun koma sayen sabuwar reza. Amma duk wannan yana faruwa ne a kwanakin da jaririn bai da ko ɗigon rigakafin wannan cuta a jikinsa.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. A ƙiyasin OMS na shekarar 2022, mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar a duniya, kimanin miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma ta kashe mutum miliyan 1 da dubu 100 a wannan shekara kaɗai. A maƙwabciyarmu Najeriya, babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya samu kashi 8 bisa ɗari na manya suna ɗauke da ita, wato kusan mutum guda cikin goma sha biyu. Babu wani dalilin da zai sa a zaci ƙwayar tana tsayawa a Jibiya ko Illela ta nuna takarda kafin ta ƙetaro Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni. Jini ɗaya ne, aure ɗaya, wanzamai ma sau da yawa ɗaya. Ga kuma wani ƙarin gishiri a miki da ya shafe mu musamman: funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi tana fitar da wani dafi mai lahanta hanta, kuma masana sun daɗe da tabbatar da cewa idan dafin nan ya haɗu da ƙwayar B a jiki guda, haɗarin sankarar hanta yakan ninka sau da yawa. Ƙasar ƙuli-ƙuli da tunkuza ba ta da halin yin sakaci da wannan.

A wannan shekara ta 2022, kashi 45 bisa ɗari na jariran duniya ne suka samu allurar ranar haihuwa a kan lokaci. A yankin Afirka kashi 18 ne kacal. Wato inda cutar ta fi yawa, nan ne rigakafinta na farko ya fi ƙaranci. Tun 2009 OMS ta ba da shawarar a yi wa kowane jariri a kowace ƙasa, amma har zuwa 2021 ƙasashe 14 ne kawai cikin 47 na yankin suka sa ta a tsarinsu, kuma Nijar ba ta cikinsu a lokacin.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne a nan yammacin Afirka aka yi ɗaya daga cikin manyan ayyukan da suka nuna wa duniya amfanin allurar. A Gambiya aka fara yi wa jarirai ita a 1986, ana bi yanki-yanki, zuwa 1990 ta game ƙasar baki ɗaya, kuma da aka bi sawun yaran bayan sun girma an tarar ta kare fiye da kashi 90 bisa ɗari daga zama da ƙwayar. Taiwan ta fara a 1984, cikin shekara 15 yawan yara masu ɗauke da ƙwayar ya faɗo daga kusan kashi 10 zuwa ƙasa da kashi 1, sankarar hanta a tsakanin yara ma ta ragu. Ƙasar Sin, wadda a 1992 kusan yaro guda cikin goma 'yan ƙasa da shekara biyar ke ɗauke da ita, ta wayi gari a 2014 da ƙasa da guda cikin ɗari uku. Wata ƙa'ida mai sauƙi suka kafa wadda ya kamata mu ara: wanda ya karɓi haihuwa, shi ne zai yi allurar. Senegal ta bi sahu a 2016, Benin a 2020, Burkina Faso a 2022.

Amma kada mu ruɗi kanmu cewa da zarar minista ya sa hannu an ƙara layi guda a katin lamba, shi ke nan an gama. Najeriya ta sa allurar haihuwa a tsarinta tun 2004. Bayan shekara 14, binciken lafiyar iyali na 2018 ya nuna kusan rabin yaran ƙasar ba su same ta ba ko a makare, balle a kan lokaci, kuma jihohin arewa maso yamma da ke jingine da mu su ne a baya. Dalili a fili yake, kusan haihuwa shida cikin goma a gida aka yi su. Mu ma a nan binciken 2012 ya nuna haihuwa uku ne kawai cikin goma ake yi a likita. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma duk wanda ya san ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa ya san har gobe ɗakin uwar miji ya fi ɗakin haihuwa karɓar jarirai.

Sai kuma al'ada. Mai jego ba ta fita, jariri ba ya ganin rana kafin suna, wasu ma sai an yi arba'in. In 'yar fari ce tana can gidan iyayenta wankan jego, mijin da zai ba da izini yana wani gari, ko yana ci-rani a Legas ko Agadas. Ka ce wa kaka ta ɗauki ɗan kwana ɗaya, wanda ko suna bai da shi, ta hau amalanke da shi tafiyar kilomita goma cikin rana ko hunturu don a soka masa allura alhali lafiyarsa ƙalau, za ta dube ka ne kawai ta ci gaba da hura wutar ruwan wanka. Kuma in an bi ta barauniyar hanya ba ta yi laifi ba, tsarin ne ya nemi abin da bai dace da rayuwar mutane ba.

Ko waɗanda suka haihu a likita ba su tsira ba, kuma wannan shi ne abin da ƙasashen da suka riga mu suka yi ta tuntuɓe da shi. Matar da ta haihu daren Juma'a, mai rike da makullin firijin lamba ya tafi gida sai Litinin, ungozomar da ke aiki ba ta da hurumin taɓa maganin don na wani sashe ne. Da safe a sallami mai jego a ce ta dawo ranar lamba. Wani lokacin kuma ma'aikaci ne ke jin tsoron fasa kwalbar mutum goma saboda jariri guda, kada a ce ya yi ɓarna. Wannan tsoro ya samo asali ne daga allurar tarin fuka da ake yi a dantse, wadda in an haɗa ta dole a zubar da ragowar bayan awa shida, shi ya sa ake tara jarirai rana guda. Ta ciwon hanta ba haka take ba, kwalbar da aka fasa tana iya kaiwa kwana 28 in an kiyaye ƙa'idar ajiya. Rashin sanin wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa dubban jarirai su wuce lokacinsu.

Akwai masu cewa, kuma cikinsu har da likitoci, a Afirka yawancin kamuwa tsakanin yara take faruwa, ba daga uwa ba kamar a Asiya, don haka Penta ta wadatar, a bar kuɗin a yi maganin zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Maganarsu tana da tushe, kuma shekara da shekaru ita ce hujjar da aka dogara da ita. Sai dai yanzu da Penta ta toshe babbar ƙofar, ta uwa ce ta rage a buɗe, kuma binciken da aka yi a Gambiya ya nuna waɗanda suka ɗauka daga uwa su suka fi fuskantar lalacewar hanta in sun girma. Yarinyar da ta ɗauka yau, nan da shekara 16 ko 18 ita ce uwa, ta miƙa wa nata 'ya'yan, a ƙasar da mace ke haihuwar shida ko bakwai. Batun kuɗi kuwa, a farashin da UNICEF ke saye, allurar jariri guda daga kwalbar mutum goma ba ta kai dala hamsin ba. Ko goron da ake rabawa a ƙofar gida ranar suna ya fi haka, balle rago.

Wata maganar da muka san za ta yi yawo a wayoyi ita ce wai Amurka da kanta ta daina yi wa jarirai wannan allura. Ga yadda abin yake. Tun 1991 ake ba da shawarar rigakafin ga duk jariran ƙasar. A watan Disamba na 2025 kwamitin da ke ba gwamnatinsu shawara kan rigakafi ya kaɗa ƙuri'a cewa idan an auna uwa an tabbatar ba ta da ƙwayar, a bar wa iyaye da likitansu zaɓin lokacin farawa, matakin da manyan ƙungiyoyin likitocin yara na can suka yi tir da shi. Amma ko a wannan shawara, jaririn da uwarsa ke da ƙwayar, ko wanda ba a san matsayin uwarsa ba, an ce a yi masa allurar da zarar an haife shi. To mu nan uwa nawa aka auna? Ke nan ko da ma'aunin nasu aka bi, kusan duk jariranmu sun cancanci allurar a ranar farko. Muna faɗin haka ne don mun ga abin da jita-jita ta haifar a 2003, lokacin da aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano da wasu jihohi, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Abin da muke kira a yi bai fi ƙarfin ƙasar nan ba. Ƙasar da ta gina ƙananan gidajen likita kimanin dubu biyu a karkara daga 2001, ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki kyauta a 2006, ta kuma rage mutuwar ƙananan yara daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, ba za a ce ba ta iya kai allura guda ɗakin mai jego ba. Na farko, maganin ya kwana a ɗakin haihuwa, a hannun ungozomar likita, dare da rana, Asabar da Lahadi, kada a ce sai wani ya zo da makulli. Na biyu, kuma wannan ne mai wuyar, tunda jariri ba zai fito ba, to allura ta shiga ta same shi. A nan ungozomar gargajiya da wanzami da liman su ne abokan aiki, domin babu haihuwar da za a yi a gari ba su ji ba kafin rana ta faɗi. Yau kusan kowane ƙauye akwai salula. Kira ɗaya zuwa ga ma'aikacin likita mafi kusa, da ɗan abin hasafi ga wanda ya kira da kuɗin man babur ga wanda zai zo, ya fi tarukan otal goma amfani.

Za a ce ina firiji, ina ƙanƙara. Wannan allura tana cikin masu jure zafi, daskarewa ce ma take kashe ta, kuma OMS ta yarda a fitar da wasu nau'o'inta daga sanyi na ɗan lokaci in ana lura da alamar da ke jikin kwalbar. Indonesiya, mai dubban tsibirai, ta daɗe tana ba ungozomomin ƙauye wata 'yar allura da aka riga aka ɗura wa maganin mutum guda, su sa a jaka su bi gida-gida. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Allurar sanƙarau da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, a 2012 an yi kamfe da ita a arewacin Benin ba tare da ƙanƙara ba, ta yi aiki. Gaskiya ne zafin watan Afrilu a nan yakan haura digiri 40, don haka sai an yi lissafi da kyau, amma tafiyar awa biyu a babur da akwatin sanyi ba ita ce za ta gagare mu ba.

Sai awon ciki. Jinin da ake ɗiba don auna sida, a auna ciwon hanta da shi a zama guda, kuma kyauta, don in aka ce sai an biya, matan karkara za su wuce. Matar da aka samu ƙwayar ta yi mata yawa a jini, akwai ƙwayar magani mai suna tenofovir da OMS ta ba da shawara a 2020 a fara ba ta daga wata na bakwai na ciki, tana rage haɗarin miƙa wa jariri ƙwarai. Amma a yi hattara da yadda za a faɗa mata sakamakon. Mun san gidajen da aka ware wa mace kwano da moɗa, har da waɗanda aure ya mutu, saboda an ce tana da ciwon hanta. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko gaisawa, ko zufa, kuma uwa za ta shayar da ɗanta nono ba fargaba in an yi masa allura. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar a ƙasashenmu tun suna yara suka same ta, babu abin kunya a ciki.

Game da kuɗin sayen maganin, ƙawancen Gavi, wanda ke tallafa wa ƙasashe matalauta da rigakafi tun shekarar 2000, ya buɗe ƙofar tallafin allurar haihuwa a 2024 bayan jinkirin da annobar korona ta jawo. A karɓa, ba laifi. Sai dai a watan Yuni na 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da dakatar da gudummawarta ga ƙawancen, abin da ya kamata ya tuna mana cewa kwanon aro ba ya kwana biyu a gida. Tunda maganar diyaucin ƙasa ce a bakin kowa, to ya kamata a ga layin wannan allura a kasafin kuɗin ƙasa, da kuɗinmu.

Muna kuma roƙon ma'aikatar kiwon lafiya ta canza abin da take ƙirgawa. A katin kowane yaro a rubuta ranar haihuwa da awa, a rubuta ranar allura da awa, sa'an nan kowace shekara a buga adadin waɗanda suka samu cikin awa 24, jiha-jiha, daban da adadin Penta, don a san inda aka tsaya a Dosso da inda aka tsaya a Difa. Magidanta kuma, ranar da aka yi muku albishir, kafin a tafi neman rago da itacen wanka, a tambayi likita mafi kusa allurar ciwon hanta ta jariri. In awa 24 ta wuce a je duk da haka, ƙarfinta yana raguwa ne da kowace rana amma ba ya ƙarewa nan take, sa'an nan a koma a sati na 6, da na 10, da na 14.